Takwara a Cikin Na'ura

Ƙarfe ɗaya na dare, bene na biyu, Titin Gidan Zoo.
Janareton mai shayi ya yi shiru,
inbata na ƙifta mini jan ido,
ni kuma na zuba wa layi guda ido a baƙin allo:
an kira awo, ba a san wanne ba.

Ni na raɗa masa sunan, shekara huɗu ke nan,
'yar manhaja mai lissafa buhu da tiya
ga 'yan hatsin Dawanau.
Da ya girma na sake masa ƙira, na ce awo-biyu.
Bana aka samu awo-uku,
mai ƙirga da kilo, mai raina kwano.
Na ƙunshe su na aika rumbu,
kowa da lambarsa a wutsiya,
na kaɗe hannu na kwanta.

Ashe magini ba ya duba wutsiya.
Tsohon ma'aikaci ne, takardarsa ɗaya:
nemo awo, a ɗora bulo.
Ya leƙa lungun farko ya kamo na biyu,
kayan haɗin kuwa da na uku suka saba.
Gini ya kai linta ya zube.
Na share na sake. Ya zube.
Sau tara, a kan bulo guda.

Baraka ta turo saƙo daga Tarauni:
cire tsohon mana, wa ke ta tasa?
Alhaji Ma'aruf ke ta tasa,
a kwamfutar da ba ya yarda ko ƙura a goge mata.
In na cire, gobe buhu dubu su kwana ba lissafi.
Lurwanu ya ce a bar wa tsoho sunan, ai shi ya riga.
Baraka ta ce riga zuwa ba gado ba ne.
Kwana uku muna ja,
kuma ba wanda ya yi ƙarya.

Sai zauren kakana ya faɗo mini, can Yakasai.
'Ya'ya bakwai, duk Muhammadu:
Auwalu, Sani, Salisu, Rabi'u,
Hamisu, Sadisu,
da babana Sabi'u, auta.
Wasiƙa ta zo daga Ikko, a ba Muhammadu.
Aka ji motsin kuɗi a ciki, bakwai suka miƙe.
Wata ta zo daga mai haraji, a ba Muhammadu.
Ko tari ba a yi ba.

Kaka ya ce, sunan a hannuna yake.
Wanda ya san wanda yake nema, ya faɗi cikakke ya wuce.
Wanda ya ce Muhammadu kawai,
ya tsaya a zaure, ni zan nuna.
Shekaru yana nuna Sani.
Da Sani ya tafi fataucin goro,
yatsan ya karkata kan Salisu, ba hayaniya.

Na gyara zama.
Na ƙwace sunan daga hannun dukansu,
na mai da awo yatsa, ɗan zaman zaure.
Magini kuwa na sauya masa takarda:
kai ɗan gida ne, daina kira irin na baƙo,
ka ce awo-uku da bakinka.
Layi huɗu kacal.

Bulo ya hau bulo, ya wuce linta.
Ladanin bayanmu na gyara murya
allo ya rubuta an gama.

Ban tashi ba tukuna.
Na tuna ran da aka kai kaka Ɗandolo
yatsan ya bi shi,
takardar gidan kuwa Muhammadu ta ce, ba ƙari.
Shekara goma sha ɗaya muna hawa matakalar kotu,
uku daga cikin bakwai sun riga shari'ar ƙarewa.

Don haka na buɗe sabon fayil
na rubuta wa wanda zai gaje ni, ko wane ne:
yau awo na nufin na biyu, saboda Alhaji Ma'aruf.
In za ka karkata yatsan, fara kiransa a waya,
bayan la'asar, ba ya ɗauka da safe.
Na huɗu na nan a jakata, bai yi suna ba.